Famfo Biyu a Jiki Ɗaya: Yadda Ake Tafiyar da Jinin Majinyacin da Ke Kan Ekmo

Idan aka fitar da majinyaci daga Katsina zuwa Alƙahira ko Indiya, ko alhaji ya kwanta asibiti a Makka, labarin da kan iso gida ta waya gajere ne: "An ɗora shi a kan na'ura." Nan take sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce shi ke nan, sai dai addu'a. Wasu su ce tunda na'ura ta karɓi aiki ai sauƙi ya samu. Ba wanda zai tsaya ya tambayi wace na'ura ce. Wadda aka fi sani, wadda zancenta ya cika gidajen rediyo lokacin korona, iska take hura wa mutum ta maƙogwaro, huhunsa ya yi sauran aikin. Akwai wata da ta fi wannan nisa, ta kuma fi ta hatsari. Ita jinin take zuƙowa waje ta tiyo mai kaurin kusan santimita guda, ta cire masa gurɓatacciyar iska, ta ɗura masa oksijin, ta ɗumama shi, ta mayar da shi jiki, dare da rana ba tsayawa. Likitoci suna rubuta sunanta ECMO, a baki kuma Ekmo.

Jinin babban mutum gaba ɗaya kimanin lita 5 ne, kuma zuciya mai lafiya takan tura kusan hakan a minti guda in mutum yana hutawa. Ekmo takan ja lita 3 zuwa 5 a minti. Ke nan kusan jinin mutum kaf ke fita ya ratsa roba ya dawo kafin minti ya cika da kyau. Duk da haka na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta buɗe jijiyar da ta toshe, ba ta raya tsokar da ta mutu. Riƙon ƙwarya take yi wa huhu ko zuciya har su farfaɗo, ko a sami wata mafita kamar dashe. Ɗora mutum a kanta ba ya ɗaukar gwanaye dogon lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne kwanakin da ke biyo baya, domin yanzu famfo biyu ne a jiki ɗaya, na halitta da na ƙira, kuma ba kullum suke jituwa ba.

Daga ɗakin tiyata ta samo asali. Ranar 6 ga Mayu, 1953, a birnin Filadelfiya na Amurka, likita John Gibbon ya toshe wata ɓula a cikin zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, injin da ya ƙera yana riƙe da aikin zuciyarta da huhunta. Injinan farko suna haɗa jini da iska kai tsaye, wanda ke lalata ƙwayoyin jini in aka wuce 'yan sa'o'i. Sai da aka samo wata siririyar fatar roba da iska ke ratsawa jini ba ya ratsawa, sannan aka iya kwana da kwanaki. A 1971 likita Donald Hill ya riƙe wani saurayi da ya yi hatsari a Kalifoniya har kwana uku, ya kuma rayu. A 1975 Robert Bartlett ya ceto jaririya ta farko da ita. Murar aladu ta 2009 da korona ta 2020 su suka fito da ita fili. Mu nan Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, amma riƙe majinyaci kwanaki a kan Ekmo har yau abu ne da ba a cika samu ba.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, amma a nan ya isa a ɗauke ta ɓari biyu. Na dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, baƙi-baƙi, ya tura shi huhu. Na hagu yana karɓo shi daga huhu ja wur, ya harba shi cikin babbar jijiyar da ake kira awota, ita kuma ta rarraba. Jijiyoyin jini ma iri biyu ne: masu kai jini, su ne ake jin harbawarsu a wuyan hannu, da masu dawo da shi, su ne nas ke nema in za a sa kanula a yi ƙarin ruwa. In huhu kaɗai ya gaza, ana zuƙo jini daga jijiyar dawowa a mayar da shi jijiyar dawowa, zuciyar mutum ta ci gaba da tura shi. Wannan haɗin huhu ke nan, likitoci su rubuta VV. In zuciya ce ta gaza, ana zuƙowa daga jijiyar dawowa a fesa shi cikin jijiyar kaiwa, a tsallake zuciya da huhu duka. Wannan haɗin zuciya ne, VA.

Halin famfon

Famfon Ekmo na zamani wata 'yar farfela ce da maganaɗisu ke juyawa, galibi sau 3,000 zuwa 4,000 a minti. Aikinta irin na injin ban ruwa ne da ake gani a lambunan Ajiwa da Jibiya. Duk manomin rani ya san injinsa da hali biyu. In ruwan rijiya ya ja baya, ko ya ƙure masa wuta ba zai ba shi ruwa ba, sai dai tiyo ya kama karkarwa. In kuma ya ja bakin tiyo ya haura tudu, ko wani ya taka shi, ruwan zai ragu alhali ƙarar injin ba ta sauya ba. Haka wannan famfon yake. Likita ba ya iya ce masa "ba ni lita 4." Gudun juyawa kawai yake saitawa. Yawan jinin da zai fito ya dogara da abin da ke isowa ta baya da turjiyar da ke gaba.

Shi ya sa abin da ya fi tayar da ma'aikatan dare shi ne fizgar tiyo. In jini ya yi ƙaranci a babbar jijiyar da tiyon zuƙa ke ciki, bangonta yakan manne wa ramukan tiyon, ya saki, ya sake mannewa. Sai a ga tiyo yana tsalle a kan gado, lambar allo ta faɗo daga 4 zuwa 1 ta koma. Hannun da bai goge ba zai kai wa maɓallin ƙara gudu, ya ƙara dagula lamarin, har ƙwayoyin jini su fara fashewa, fitsari ya koma ja-baƙi. Rage gudu ake fara yi don jijiyar ta samu ta cika. Sannan a bi sawun dalili. Ko jini ne ke zuba a ɓoye cikin ciki ko cinya, ko maganin sa fitsari ya yi yawa, ko majinyacin ne ke tari yana yunƙuri, ko tiyon ya goce daga mazauninsa. Akwai biyu da suka fi muni: jini ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta, ko iska ta taru a ƙirji ta danne manyan jijiyoyi. Waɗannan ko leda goma ta ruwa aka ƙara ba za su warware ba, sai an huda an fitar da abin da ya taru. Saboda haka na'urar sikanin ba ta nisa da gadon mai Ekmo.

Ƙarin ruwa shi ne abu mafi sauƙin yi, don haka ne ake yawan wuce gona da iri a kansa. Leda guda takan kwantar da tiyo na ɗan lokaci, kowa ya sami sararawa. Amma jijiyoyin mai tsananin ciwo yoyo suke yi. Ruwan ba ya zama a ciki, tsiyayewa yake cikin nama da huhu. Bayan 'yan kwanaki majinyaci ya kumbura suntum, huhun da ake fatan ya bushe ya ƙara jiƙewa. A ganina nan ake bambance ƙwararre da mai bin lamba: ƙwararre zai haƙura da lita 3 da rabi masu gudana lami lafiya in sun wadatar da jiki, mai bin lamba kuwa zai nace sai 5, a garin neman gira a rasa ido. Da zarar an tsallake kwanakin farko ma, aikin juyawa yake zuwa cire ruwa, da magani ko da injin wankin ƙoda da ake iya jonawa a jikin tiyon Ekmo.

In huhu ne kaɗai

Haɗin huhu ya fi sauƙin fahimta. Na'ura ba ta ƙara wa jiki matsin jini ko kaɗan. Abin da ta ɗauka shi take mayarwa a waje guda. Duk da haka sau da yawa awon jini kan gyaru bayan an kunna ta. Dalili shi ne huhun da ba ya samun oksijin yakan tsuke jijiyoyinsa, ɓarin dama na zuciya kuma siririn bango gare shi, bai saba tura jini a kan turjiya ba, sai ya galabaita. Da oksijin ya samu, gurɓatacciyar iska ta ragu, aka kuma sassauta ƙarfin na'urar numfashi, sai jijiyoyin huhu su saki, ɓarin dama ya numfasa.

Tarkon da ke nan biyu ne. In bakin tiyon zuƙa ya yi kusa da na mayarwa, na'ura takan sake zuƙe jan jinin da ta zuba yanzun nan kafin ya shiga zuciya. Allo zai nuna lita 5, majinyaci kuwa yana shuɗewa. Mai lura zai ga tiyo biyun sun zama launi ɗaya, alhali ya kamata ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi ja. Ƙara gudu ƙara wannan zagayen banza yake yi. Gyaran zaman tiyo ne magani. Na biyu, in zazzaɓi ko ƙwayar cuta a jini suka sa zuciya tana tura lita 9 ko 10, jan jinin na'ura yakan narke cikin baƙin da bai bi ta cikinta ba. Ana so na'ura ta ɗauki kamar kashi 60 cikin 100 na abin da zuciya ke turawa kafin oksijin ya kai yadda ake so. A irin wannan hali sauke zazzaɓi da kwantar da majinyaci sun fi murɗa maɓalli amfani. Gurɓatacciyar iskar ma a hankali ake rage ta, domin faɗuwarta farat ɗaya tana tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, an kuma danganta ta da zubar jini a kai.

Inda famfo biyu ke karo

Haɗin zuciya galibi a matsematsi ake yin sa, domin nan ya fi sauri, ana iya yi ko ana tsakiyar danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Tiyon zuƙa ya bi jijiyar dawowa ya haura har bakin ɓarin dama. Tiyon mayarwa kuma a jijiyar kaiwa ta cinya yake. To, zuciya tana harba jini cikin awota daga ƙirji zuwa ƙasa, na'ura tana turo nata cikin wannan awotar dai daga cinya zuwa sama. Sun fuskanci juna. Kusan duk wata matsala ta wannan haɗin daga nan take tasowa.

A bakin ɓarin hagu akwai bawul da ba ya buɗewa sai matsin cikin zuciya ya rinjayi na cikin awota. Zuciyar da ta galabaita da ma da ƙyar take ture shi. Yanzu ga na'ura ta cika awota da matsi. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun sami jini sun farfaɗo, ita kuwa zuciya an ƙara mata kaya. In aka ci gaba da ƙara gudu, sai bawul ya daina buɗewa sam. Wani zai ce to mene ne, ba hutun ake so ta yi ba? Ai da hutu ne in da jini ya daina shigarta. Bai daina ba. Na'ura ba ta iya kwashe duk abin da ke dawowa, wani yakan zille ya bi ta huhu ya faɗo hagu. Akwai kuma ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da hanyoyin iska na huhu da tsokar zuciyar kanta, su ma a hagu suke zubar da wani sashe na jininsu. Ana shiga ba a fita. Ɗakin ya cika ya buɗe, bangonsa ya miƙe, tsokar da ake lallaɓawa ta ƙara buƙatar oksijin a daidai lokacin da matsi ya rage jinin da ke ciyar da ita. Matsin ya koma baya ya cika huhu da ruwa, har a ga kumfa mai jaja-jaja tana fitowa ta bututun numfashi. Jinin da ya tsaya cik kuma daskarewa yake yi. Guda ɗaya in ya ɓalle ya haura kai, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Abin da ya sa wannan ke da ban tsoro shi ne yana iya faruwa alhali awon jini yana da kyau, fitsari yana zuwa, 'yan uwa suna ta hamdala a bakin ƙofa. Alamar tana ɓoye ne cikin tazarar lambobin awo biyu. Mai lafiya in aka ce masa 120 bisa 80, tazarar 40 ɗin nan aikin bugawar zuciya ce. Na'ura ba ta bugawa, kwarara take yi bai ɗaya. Saboda haka duk tazarar da aka gani a jikin mai Ekmo shaida ce cewa zuciyarsa na nan tana buɗe bawul. In ta sauka ƙasa da 10 zuwa 15, an shiga hatsari, sai a ɗora sikanin a ƙirji a ga bawul ɗin da ido. Abin awon jini na ɗaurawa a damtse ma bai cika aiki a nan ba, tunda harbawa yake saurare. Wata siririyar kanula ake sakawa cikin jijiyar wuyan hannu tana nuna matsi kowane daƙiƙa.

Gyaran hawa-hawa ne. A rage gudu zuwa mafi ƙanƙantar da zai wadatar da jiki. A cire ruwa. A ba da ɗan maganin ƙarfafa bugu, irin dobutamin ko adirenalin, gwargwadon abin da zai sa bawul ya riƙa buɗewa kawai, domin yawansa bulala ce ga tsokar da ta gaji. In bai isa ba a saka balan-balan cikin awota, wanda ke hurawa tsakanin bugu da bugu ya kuma saki daidai lokacin da zuciya za ta harba, ya rage mata turjiya. Gaba da wannan akwai wani ɗan famfo mai suna Impella da ake zurawa ta bawul ɗin ya riƙa kwaso jini daga ɗakin hagu, ko a huda bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, ko likitan tiyata ya sa tiyo kai tsaye. Kowane ƙarin tiyo ƙarin ƙofa ne ga zubar jini da ƙwayar cuta, shi ya sa har yau manyan cibiyoyi ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba: a sauke wa zuciya kaya tun ranar farko, ko a jira sai alama ta nuna.

Matsala ta biyu lokacin murna take zuwa. Zuciya ta fara farfaɗowa tana harbawa da ƙarfi, amma huhu yana nan cike da ruwa, jinin da ke fitowa daga cikinsa baƙi ne. Mahaɗar jinin zuciya da na na'ura sai ta riƙa matsawa ƙasa. Rassan farko da ke fita daga awota kuwa su ne masu ciyar da zuciyar kanta, sai na hannun dama da ɓarin kai na dama, sannan na hagu. Ke nan zuciya da ƙwaƙwalwa su sha baƙin jini, ƙafafu da hanji su sha ja. Ana iya ganin mutum fuska ta yi shuɗi-shuɗi ƙafa tana sheƙi. Likitoci kan ce masa ciwon arewa da kudu. Wanda ya ɗebi jinin gwaji a ƙafa ko hannun hagu zai iya rubuta cewa komai lafiya. Don haka doka ce a wannan haɗin: abin auna oksijin a yatsan hannun dama yake zama, jinin gwaji ma daga nan ake ɗiba. Ƙara gudun na'ura zai mayar da mahaɗar sama, amma ya dawo da kumburin zuciyar da aka gudo wa. Hanya mafi kyau ita ce a gyara huhun, ko a raba jan jinin gida biyu a kai rabi jijiyar wuya don ya bi ta zuciya, ko in ta warke sosai a koma haɗin huhu.

Sai ƙafa. Tiyon mayarwa yakan kusan cike jijiyar cinya, musamman a jikin mata da masu ƙaramin jiki, abin da ke ƙasa da shi ya rasa jini. Yawancin cibiyoyi yanzu tun farko suke saka wani ɗan siririn tiyo mai kallon ƙasa don ya shayar da ƙafar. Nas kuma ta riƙa taɓa ta a kai a kai: sanyinta, launinta, taurin sharaɓa. In aka yi sake na 'yan sa'o'i, mutum zai iya tsira da rai ya rasa ƙafa.

Matsi da wadata

Ana neman matsakaicin matsin jini ya tsaya a 65 ko sama kaɗan. Amma matsi abu biyu ke haifar da shi: yawan jinin da ke gudana da ƙuncin hanyar da yake bi. Jinin da ya goga jikin roba yakan tayar da garkuwar jiki, jijiyoyi su saki, matsi ya faɗi. A nan noradirenalin ke da amfani, ya tsuke su. In aka zarce da shi lambar za ta yi kyau a allo, amma yatsu su yi baƙi, hanji ya ji yunwa, famfon nan biyu kuma duka su haɗu da ƙarin turjiya. Lamba mai kyau ba ta nufin jini ya isa inda ake so.

Abin da ke nuna ya isa ba shi da ƙyalƙyali. Fitsari rabin mililita a kan kowane kilo a sa'a, wato mai kilo 60 ya ba da mililita 30. Sinadarin laktet, wanda tsoka ke fitarwa in oksijin ya yanke mata, ya sauko ƙasa da 2. Jinin da ke dawowa na'ura ya zo da ragowar oksijin kamar kashi 65 zuwa 70 cikin 100. In ya dawo da 50, jiki ya tatse shi ne don abin bai ishe shi ba. Gwiwa da tafin ƙafa su yi ɗumi. In an sassauta maganin barci mutum ya matsa hannu da aka kira sunansa. Wani abin mamaki: a haɗin zuciya, zuciya na iya rikicewa ta daina bugu kwata-kwata mutum yana kallonka ido biyu. Ba a rugawa danna masa ƙirji, amma dole a daidaita bugun da wuri saboda kumburin nan. A haɗin huhu kuwa in zuciya ta tsaya, komai ya tsaya, danna ƙirji ake yi kamar na kowa.

A kan duk wannan ga batun daskarewa. Jini in ya taɓa abin da ba jijiya ba daskarewa yake son yi, sai a riƙa ɗiga hefarin don tsinka shi. Na'urar kuma da kanta tana cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, tana yayyaga wasu sinadaran daskarewa. Gaba kura baya siyaki: a rage hefarin huhun roba, wato sashen na'urar da ke ɗura wa jini oksijin, ya toshe, a ƙara shi jini ya ɓalle a bakin tiyo, a hanci, a hanji, ko a cikin kai. Zubar jini na cikin matsalolin da aka fi gani, kuma in ta yi tsanani akan dakatar da hefarin ɗungurungum na wani lokaci a sa ido a kan tiyo.

To, tana ceton rai kuwa? A ciwon huhu hujjar ta fi ƙarfi. Gwajin CESAR na Ingila da aka buga a 2009, mai majinyata 180, ya sami kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka tura cibiyar Ekmo suna raye ba naƙasa mai tsanani bayan wata shida, a cikin waɗanda ba a tura ba kashi 47. Gwajin EOLIA da Faransa ta jagoranta a 2018, mai mutum 249, ya sami mace-mace kashi 35 a rukunin Ekmo, 46 a ɗaya rukunin, kodayake ratar ba ta kai ma'aunin da masu binciken suka gindaya ba. A zuciya kuwa labarin ya sha bamban. Gwajin ECLS-SHOCK na Jamus a 2023 ya ɗauki mutum 420 da jijiyar zuciyarsu ta toshe jininsu ya faɗi. Bayan kwana 30, kashi 47.8 na masu Ekmo sun rasu, na marasa ita 49.0. Kusan kunnen doki, ga shi zubar jini a masu na'urar ya ninka fiye da sau biyu. Ni abin da na karanta a nan shi ne zaɓen wanda za a ɗora ya fi mallakar na'urar muhimmanci. Ta fi dacewa da zuciyar da ake sa ran za ta dawo.

Irin wannan zuciyar kuwa muna da ita a gida fiye da kowa. Ciwon zuciyar masu jego, wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, ba inda aka san ya kai Arewa maso Yammacin Nijeriya yawa a duniya: kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Binciken Zariya na shekarun 1970 ya ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa. Babban binciken ƙasa da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami wannan alaƙar ba. Ya fi nuna rama, rashin hali, da hawan jinin masu ciki. Mata ne matasa, sauran gaɓoɓinsu lafiya lau, kuma zuciyar da yawansu takan farfaɗo cikin watanni. A ƙasashen da ke da hali, in irin wannan ta faɗi warwas, Ekmo na cikin abin da ake riƙe ta da shi.

Sai dai kada wani mai kuɗi ko ɗan siyasa ya ji wannan ya ce gobe zai sayo wa Katsina ko Daura guda biyu a ɗauki hoto. Injin shi ne mafi arha a lissafin. Ana buƙatar nas ɗaya a kan majinyaci ɗaya dare da rana, masanin na'urar a kusa, likitan tiyatar jijiya da za a iya tasa ƙarfe biyun dare, ɗakin gwaji da ba ya rufewa, da ma'ajiyar jini da ba ta jiran a je unguwa a tattaro 'yan uwa. Wuta kuma ba ta ƙiftawa: na'urar tana da batir na ɗan lokaci da hannun juyawa na gaggawa, amma tsayawar minti kaɗan ta isa jini ya daskare a tiyo. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne maijegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya rigingine sai an tara mata matasai, a kai ta a yi mata hoton zuciya tun ana maganin ƙwaya, kada a tsaya cewa jego ne.

Akwai kuma tambayar da ake yi kafin a huda fata: ina mafita? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, da ta Rabiɗa a Makka a 1987, duka sun halatta cire na'urori in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki ba dawowa, kodayake sun saɓa a kan lokacin da ake hukunta mutuwa. Waɗannan a kan mutuwar ƙwaƙwalwa suke. Ekmo takan kawo hali mafi wuya: ƙwaƙwalwa garau, zuciya ta ƙi dawowa, ba damar dashe, na'urar kuma ba a zuwa gida da ita. Gudun wannan ne ke sa cibiyoyi ƙin ɗora wasu majinyata ko da an zube musu kuɗi.

In an dace zuciya ta fara dawowa, alamun sukan bayyana cikin kwanaki zuwa mako guda ko fiye: tazarar awo tana faɗaɗa, ana rage magunguna matsi bai faɗi ba. Sai a gwada yaye. A riƙa rage gudu rabin lita rabin lita, sikanin yana kan ƙirji, har a sauko lita 1 zuwa 1 da rabi. Ba a daɗewa a nan saboda jini mai tafiyar hawainiya daskarewa yake. Ana duba ko ɗakin hagu yana fitar da aƙalla kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na abin da ke cikinsa a kowane bugu, alhali mai lafiya yana fitar da 55 ko fiye, ko kuma ɓarin dama bai kumbura ba da jini ya dawo masa. In ta ɗauka, a cire tiyo a ɗinke jijiyar cinya, sau da yawa a ɗakin tiyata. A haɗin huhu ba a taɓa gudun jini. Iskar da ke shiga huhun roba ake kashewa, a bar mutum sa'o'i a ga ko nasa huhun ya isa. Bayan cirewa akan yi sikanin jijiyoyin da tiyo ya kwana a ciki, domin gudan jini kan saura a wurin, kuma wanda aka samu da shi yakan ci gaba da shan maganin tsinka jini na kamar wata uku.